Abin da Na Kankare daga Allon Ƙanena

Ni aka fara yi wa tayin tafiyar, ba Ansano ba. Mutanen Montesaro sun manta da wannan, ni kuma ban cika tuna musu ba.

A shekarar da na yi aure ne Taddeo, attajirin ulu na garinmu, ya shigo shagon Babanmu Bartolo ya ce yana neman mai hannun zane da zai raka shi Bruggia, can arewa bayan duwatsu, ya kwafo masa irin adon da masaƙan can suke yi wa yadi. Wata takwas, in ji shi, zuwa da dawowa. Baba ya shekara arba'in yana zana waliyyai a majami'un yankinmu, mu biyu kuma ya koya wa sana'ar: ni Nofri, babba, da ƙanena Ansano wanda na ba shekara huɗu. Ko tunani Baba bai yi ba ya nuna ni da buroshin da ke hannunsa.

"Ga Nofri nan. Shi ne hannuna na dama."

Na ce a ba ni kwana biyu. A kwana biyun nan na sha labarin duwatsun da ake hayewa, inda dusar ƙanƙara ke binne alfadari da kayansa, na sha na 'yan fashi, har aka ce mini mutanen can ba su san man zaitun ba. Ban taɓa kwana a wajen Montesaro ba. Sai na je na ce wa Baba ba zan iya barinsa ba, hannunsa ya fara rawa, ga amaryata Mattea ko wata uku ba ta yi a ɗakina ba. Duka gaskiya ne, amma ba su ne dalilin ba. Tsoro ne kawai.

Ansano yana zaune a bakin ƙofa yana cin ɓaure. Ya ce, "To ni a tura ni mana."

Baba ya yi dariya har da tari. "Kai? Kai da hannun waliyyanka kamar ƙafar agwagwa?"

"Ai yadi za a kwafo, Baba. Yadi ba shi da hannu."

Haka ya tafi, da tsohon bargon Baba a kafaɗa da cukun da Inna ta ɗaure masa a tsumma. Bayan wata goma Taddeo ya dawo shi kaɗai. Ya ce Ansano ya maƙale a shagon wani tsohon mai zane, ya ƙi tahowa, ya ce a gaishe mu. Inna ta yi kukanta ta share, ta ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Jifan nan shekara bakwai ya yi a sama. Wasiƙa biyu kacal muka samu. A shekara ta huɗu Baba ya rasu, shago ya dawo hannuna.

Ban yi wa shagon laifi ba. Yadda Baba ya koya mana haka na ci gaba: a kwaɓa launi da gwaiduwar ƙwai, a shafa da sauri don nan take yake bushewa, a shimfiɗa zinariya a bayan waliyyi. Wajen zana naɗin tufafi kuwa, daga nan har ƙauyukan bakin kogi babu wanda ya kama ƙafata. Wannan ba yabon kai ba ne, kowa ya sani.

Ansano ya dawo wata ranar kasuwa, lokacin da itatuwan inabi suka fara toho. Ina tsakar shago ina niƙa launi sai wani dogon mutum ramamme mai faffaɗar hula ya tsaya a ƙofa.

Na ce, "Bawan Allah, ka tare mini haske."

"Wane haske, Yaya? Shagon nan tun ina yaro babu haske a cikinsa."

Inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu. Ta dube shi sama da ƙasa, ta maka masa ludayin a kafaɗa sau biyu, sannan ta riƙe shi ta fashe da kuka. Da yamma ya tambayi inda aka sa Baba. Na ce zan raka shi, ya ce in bari ya je shi kaɗai.

Ya dawo da halaye. Ya koyo shafa man shanu a burodi, ya zo da wani kifi mai gishiri a 'yar ganga wanda Mattea ta rantse ba zai kwana mata a gida ba. Yana cikin magana sai kalma ta ɓace masa ya tsaya yana lalube. Kuma ya koyo tsayawa. Ansanon da na sani ba ya iya zama wuri ɗaya, amma wannan sai ya tsaya a tsakar gida yana kallon bokitin ruwa har miya ta huce.

A rana ta uku ya kwance wani ƙunshi ya miƙo mini ƙaramin allo, bai fi tafin hannu biyu ba. Hoton wata tsohuwa ce, matar da ya zauna a gidanta a Bruggia. Na ga tamojin goshinta, na ga danshin da ke gefen idonta. A wuyan rigarta akwai gashin dabba, har na kai yatsa zan shafa. A bayanta taga ce a buɗe, ga ruwa ya ratsa tsakanin gidaje, ga kwalekwale, ga sama ta yi toka-toka kamar yanzu za a kece da ruwa. Tunda nake ban taɓa ganin abu irin wannan ya fito daga hannun ɗan Adam ba. Na gane nan take cewa yaron da ake yi wa dariyar ƙafar agwagwa ya wuce ni, ya wuce Baba, wucewar da ba a kamowa.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Duk matan ƙasar ka rasa wadda za ka zana sai wannan tsohuwa?"

Ya yi dariya. Amma ya mayar da allon cikin ƙunshinsa, ban sake ganinsa ba.

Bai riƙe ni da wannan ba. Kullum muna aiki yana ba ni labari. Ya ce a rana ta ashirin da tafiyarsu suka kai ƙololuwar hanya, ya waiwaya, sai ya ga duwatsu jere bayan duwatsu.

"Mu nan dutsen nesa da na kusa launi ɗaya muke ba su, sai dai mu rage wa na nesa girma. Ƙarya muke yi, Yaya. Na kusa kore ne, na bayansa shuɗi, na can ƙarshe kuwa sai ka rasa dutse ne ko sama ce. Na tsaya ina kallo har Taddeo ya ce in ban taho ba zai sayar da ni wa makiyaya."

Ya ce tsohon da ya koya masa aiki wata uku ya ajiye shi gaban butar tagulla guda ɗaya, ya ce ranar da ya hango tagar ɗakin a jikin butar ya zo ya kira shi. Ya ce can ba da ƙwai suke kwaɓa launi ba, da wani mai ne da ake tatsa daga irin shuka. Ba ya saurin bushewa. Sai ka shafa siriri, ka jira kwanaki, ka ƙara wani a kai, har haske ya riƙa shiga ciki yana dawowa.

"Zo in koya maka. Wata shida ya ishe ka, hannunka ya fi nawa."

Na ce, "Baba ya shekara arba'in da gwaiduwar ƙwai, babu waliyyin da ya kawo ƙara."

Sau uku ya yi mini wannan tayin. Daga na ukun bai sake ba.

Shekara ta zagayo sai ƙungiyar masaƙa ta ba mu babban aiki: allon da za a kafa a bayan bagaden majami'ar San Biagio, waliyyin masu sharce ulu. Tsayinsa ya fi mutum biyu. Taddeo ne shugaban ƙungiyar a lokacin, ya yi ƙiba, ya fara dogara sanda. Muka raba aikin: ni tufafi, Ansano fuskoki da abin da ke baya. Na fara nawa da ƙwai na gama cikin wata biyar. Shi kuwa ya sa aka fasa bangon shago aka yi taga ta arewa, sannan ya zauna.

Abin da ya zana a bayan Maryamu da waliyyai huɗu ba zinariya ba ce, ƙasa ce buɗaɗɗiya. Hanya ta taso daga ƙafar waliyyi ta gangara ta haye gada, ta bi gefen kogi, ta ratsa wani gari mai hasumiya, ta hau duwatsu, duwatsun suna ta yin shuɗi har suka narke a cikin sama. Akwai mata masu wanki a bakin ruwa, kowace ba ta fi ƙwayar wake ba. Akwai hayaƙi yana tashi daga wani gida. Da safe kafin ya shigo nakan tsaya gaban allon in ji kamar iska tana busowa daga ciki. Da na ji motsinsa sai in juya in kama wani aiki.

Fuskar San Biagio kuwa, ta Meo ya ɗauka, wani tsohon mai sharce ulu da duk gari ya san shi a gidan giya. Har ƙurjin gefen hancinsa bai bari ba. Meo ya riƙa yawo a kasuwa yana cewa a fara durƙusa masa tun yanzu a saba.

Bikin waliyyin ya zo ya wuce, allo bai ƙare ba. Masaƙa suka fara gunaguni. Garin da ke maƙwabtaka da mu sun kafa nasu sabon allo, zinariya tun daga sama har ƙasa, in an kunna kyandir sai ka kare ido. Wata rana Taddeo ya zo ya tsaya gaban namu yana dogare da sanda.

"Ansano, wannan duk mene ne? Mun ce a zana mana aljanna, ka zana mana hanyar kasuwa."

"Ranka ya daɗe, ai hanyar da muka bi da kai ce. Ga gadar da alfadarinka ya ƙi hawa."

"Ni ma na je Bruggia, yaro. Ulu na gani da ruwan sama da mura. Su mutanen da za su durƙusa a nan wuni suke yi cikin ƙura da warin ulu. Ranar Lahadi suna so su ga abin da ba sa gani a gida."

Ban taɓa cewa Taddeo wawa ne ba, maganarsa tana da kai. Ansano ma ya saurare shi, sannan ya ce a ƙara masa wata uku, in an kafa allon mutane ba su so ba shi da kansa zai sauke shi. Taddeo ya tafi bai ce e ba, bai ce a'a ba.

A ƙarshen kaka gwiwoyin Inna suka matsa mata, aka ce a kai ta maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke bayan tsauni ta yi mako biyu. Ansano ya ce shi zai kai ta, dama launin da ya shafa yana bukatar bushewa. Washegarin tafiyarsu Taddeo ya dawo da dattawan ƙungiya biyu.

"Nofri, shagon nan na wane ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"To da kai muka yi magana tun farko, ɗan Bartolo da muka sani. Fuskokin a bar su, har ta Meo mun haƙura. Amma bayan nan zinariya muke so, kamar yadda ubanka yake yi."

Da na ce su jira Ansano ya dawo, da sun jira. Ba su tsare ni da wuƙa ba. Na sha gaya wa kaina cewa don shago na yi, don sunan Baba, don kada aiki ya kuɓuce mana. Amma na san abin da na ji a ƙirjina lokacin da Taddeo ya ce "ɗan Bartolo da muka sani". Daɗi na ji.

Zinariya ba ta zama a kan mai. Sai an kankare har an tarar da farar ƙasar da ke ƙarƙashi. Da na ɗauko ƙarfen kankara Mattea ta biyo ni shago, hannunta duk garin alkama.

"Maigida, ka jira shi. Kwana nawa ne?"

"Ke da aikin maza?"

"Ban san aikin maza ba. Na dai san wanda ya shekara biyu yana sunkuye a nan har bayansa ya fara lanƙwasa. In ka taɓa abin nan ba za ka iya mayarwa ba."

Na ce ta koma madafa. Ta koma, ranar kuma ba ta kawo mini abinci shago ba.

Daga sama na fara. Sama ta tafi, duwatsu suka tafi, suna zubowa a ƙafata kamar ɓawon albasa. Launin bai gama ƙeƙashewa ba, yana naɗewa a bakin ƙarfen. A rana ta biyu na iso gada. A kanta akwai matafiya biyu da alfadari ɗaya, ƙanana ƙwarai, ban taɓa kula da su ba. Sai da ƙarfen ya ɗauke na gaban na lura da na bayan: jar hula ce a kansa mai lanƙwasasshen baki, irin wadda ba wanda ke sawa a Montesaro sai ni. Na daɗe a tsaye. Amma rabin allo ya riga ya zama fari, babu wajen komawa. Na kankare shi shi ma.

Na shafa farar ƙasa, na shafa jar ƙasa a kai, na shimfiɗa fallayen zinariya ɗaya bayan ɗaya, na goge da haƙorin kare har ina ganin fuskata. Ban taɓa yin aikin zinariya mai kyau kamar wannan ba.

Suka dawo da hantsi. Ansano ya sauke Inna daga kan alfadari, ya shigar da ita ɗaki, ya nufo shago yana fito. Yana shigowa fiton ya tsaya. Na shirya maganganu da yawa, na shirya har da faɗa. Ya matsa kusa da allon, ya karkata kai yana duba ta gefe kamar yadda Baba yake yi.

"Ka iya shimfiɗa zinariya, Yaya. Ko kumbura ɗaya babu."

"Taddeo ne ya zo da dattawa, suka ce…"

"Na sani." Ya duba ƙasa, amma na riga na share. "Ina ka zuba?"

"A rafi."

Ya gyaɗa kai, ya cire hularsa ya rataye, ya ɗauki buroshi ya ci gaba da fuskar Maryamu.

Wata biyu da rabi muka yi a haka, shago ɗaya, akushi ɗaya. Yana gaishe ni da safe, yana miƙo mini abin da na nema. Labarin hanya ne dai bai sake ba ni ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Inna ba ta ce mini komai ba sai rana ɗaya da na kawo mata itace, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ubanku bai taɓa sa ƙarfe a aikin wani ba, ko na almajirinsa."

Ranar bikin San Biagio aka kafa allo. Aka kunna kyandirori, zinariya ta kama, mata suka riƙa share hawaye. Taddeo ya rungume ni a gaban jama'a. Meo ya zo da wankakkiyar riga, ya tsaya gaban fuskarsa yana kallo, aka ce mako guda bai leƙa gidan giya ba. Ansano yana can baya jingine da ginshiƙi. Da hanya ta buɗe bayan sanyi ya ɗaure kayansa. Ya durƙusa gaban Inna ta sa masa albarka, ya yi wa Mattea godiya. Ni kuma ya ba ni hannu.

Na ce, "Ina za ka?"

"Inda ƙafa ta kai ni. Ka kula da Inna."

Allon nan ya jawo mini aiki na shekara ashirin. Duk wanda ya zo sai ya yaba fuskokin, ni kuma in yi shiru a ɗauka nawa ne.

Labarinsa yakan zo ta bakin fatake. An gan shi a Venezia. An ce ya haye teku zuwa Ragusa ya yi shekara uku. Daga baya aka ce ya zauna a Ancona, ya auri 'yar wani mai gyaran jirgi. Da Inna ta rasu na aika masa, amma saƙon bai same shi ba sai bayan wata huɗu. A shekara ta goma sha ɗaya wani mai safarar gishiri ya tsaya a ƙofar shago ya ce yana da saƙon baka daga ƙanena.

"Ya ce in gaya maka kwana shida ne kawai a kan alfadari. Ya ce ka zo ka ga teku, akwai ɗaki, matarsa ta iya miyar kifi."

Mattea ta fara haɗa mini kaya a ranar. Na ce sai na gama aikin da ke hannuna. Da na gama, sanyi ya shigo. Da sanyi ya wuce, wani aikin ya zo. Ba ƙin zuwa na yi ba, kullum cewa nake baɗi. Gaskiyar ita ce ban san da wane ido zan shiga gidansa in ci miyar kifinsa ba.

Shekara takwas bayan haka wasiƙa ta zo daga matarsa, Ghita. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara, ya cika. Ya bar allon da yake yi wa majami'ar matuƙan jirgi bai ƙarasa ba, saura tufafi. Ya ce kada a ba kowa sai yayansa.

Ina da shekara hamsin da tara na fita daga Montesaro karon farko. Babu ɗan fashin da ya tare ni, babu dusar da ta binne ni. Ƙuma ce kawai ta cije ni a masauki. A rana ta huɗu muka hau ƙololuwar hanya, mai alfadarin ya tsaya ya sha ruwa, ni kuma na waiwaya. Na kusa kore, na bayansa shuɗi, na can ƙarshe na rasa dutse ne ko sama. Kwana huɗu kacal daga ƙofar gidana. Na zauna a kan wani dutse, mai alfadarin ya tambaye ni ko cikina ne ke ciwo, na ce masa e.

Ghita gajeriya ce kakkaura mai kaifin baki. Ta dube ni daga ƙofa ta ce, "Kai ne Yayan. Kun yi kama ta hanci. Shigo, ka makara da shekara takwas amma miyar tana nan."

Bayan na ci ta kai ni shagonsa. Taga ce babba tana kallon teku. Allon yana jingine a bango: Yesu a cikin jirgi da almajiransa, hadari ya taso. Ruwan nan ba shuɗi ba ne kamar yadda nake zana ruwa duk rayuwata. Kore ne, da toka, da wani fari-fari a bakin igiya, yana da nauyi kamar zai zubo a ɗakin. Fuskokin na matuƙan Ancona ne, da na wasu mutane masu rawani da ya gani a tashar jiragen Ragusa. Hannuwansu a kan igiya, jijiya ta miƙe, kowane yatsa yana aiki. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa farin allo ne da zanen gawayi.

Na ce, "Ya taɓa ba ki labarin allon San Biagio?"

"Sau ɗaya, kafin mu yi aure."

"Me ya ce?"

"Ya faɗi abin da ya faru, bai ƙara gishiri ba. Ni ce na zage ka, shi ya hana ni." Ta gyara ɗankwalinta. "Cewa yake kai ne mai hannu a gidanku, shi ƙafa kawai Allah ya ba shi. Ya ce da kai ka yi tafiyar nan da yanzu ana jin sunanka har Roma. Ni dai ban gani ba, abin da ya faɗa nake gaya maka."

Na ce zan yi aikin. Sai da ta fita na buɗe tukwanen launinsa na ga duk da mai aka kwaɓa su. Ƙwai ba zai zauna kusa da wannan ruwan ba, zai fito kamar facin buhu a rigar alharini. Na nemo gutsattsarin katako na fara gwadawa. Na shafa, ya yi kauri. Na sirka, ya zube. Na ɗora wani a kan wanda bai bushe ba, suka haɗu suka zama taɓo. Na yi ta ƙoƙarin tuno abin da yake faɗa a shago lokacin da nake yi kamar ba na ji: kwana nawa ake jira, wane launi ke shiga ƙarƙashin wane. Rabi na tuna, rabi ya tafi. Idona ma ya fara gajiya da wuri.

Kwana arba'in na yi a Ancona. Ban ɗora buroshi a kan allonsa ko sau ɗaya ba. Ranar ta arba'in dattawan matuƙa suka zo ganin inda aka kwana, Ghita tana tsaye a ƙofa. Na ce musu ba zan iya ba.

Babbansu ya ce, "Amma marigayi ya ce duk ƙasar nan babu kamarka a tufafi."

"Da ƙwai ne, ranka ya daɗe. Wannan aikin mai ne. Ya so ya koya mini, ban koya ba. In na taɓa zan ɓata."

Suka dubi juna, suka yi mini godiyar zuwa, suka fita. Ghita ta juyo gare ni.

"To, ko ba komai wannan karon ka bar masa abinsa," in ji ta. Ba da zafi ta faɗa ba. Ta je ta ɗauro mini busasshen kifi da burodin hanya, ta ce in gaida Mattea, ta ji labarin kirkinta.

Na dawo gida kafin a fara tsinkar inabi. Ban sake karɓar aikin majami'a ba. Akwatunan amare nake yi wa ado yanzu, furanni da tsuntsaye, abin da ido zai iya. Bayan shekara guda mai safarar gishirin nan ya biyo, ya ce matuƙa sun ba wani mai zane daga Venezia allon, ya gama shi cikin wata ɗaya. Ya ce tufafin sun yi kyau, sai dai mutumin ya ga hadarin ya yi duhu da yawa, ya ɗan haskaka shi. Na tambaye shi ko ya taɓa ruwan. Ya ce shi gishiri yake sayarwa, bai lura ba.